Ƙwai Biyu da Rabi

Ni ne kukun jirgin ruwan nan,
baki ashirin da uku nake ciyarwa tsakanin Manila da Busan,
kuma duk sanda na ɗaga kofin awo
sai Malama Perpetua ta faɗo mini a rai,
ita da tandarta ta yumɓu
da ta sa aka kawo mata a keke mai ƙafa uku
har cikin ajinmu a Iloilo, ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa.

Ta rubuta a allo: wainar shinkafa, cin mutum huɗu.
Gari kofi biyu, madarar kwakwa kofi ɗaya,
ƙwai ɗaya, sukari cokali huɗu, gishiri rabin ƙaramin cokali.
Ta juyo ta ƙirga mu.
Ambaliya ta tsare sauran a gida, mu goma ne cif.
Ta ce, to, ku ciyar da kanku.

Na riga kowa ɗaga hannu.
Daga huɗu zuwa goma ai shida aka ƙara,
sai a ba kowa shidansa, kada a ce an yi son kai:
gari takwas, madara bakwai, ƙwai bakwai,
gishiri shida da rabi.
Na zauna ina hura hanci.

Ba ta ce na yi kuskure ba, ko gira ba ta ɗaga ba.
Kwano ta miƙo mini. Efren, kwaɓa.

Abin da ya fito daga cikin ganyen ayaba
shi ba waina ba, shi ba kunu ba,
sai karkarwa yake kamar mai masassara.
Dindo ya lasa, ya ruga taga ya tofar,
ya ce teku ma ta fi wannan tausayi.
Har mai gadi sai da ya leƙo jin dariyar.

Ligaya, wadda uwarta ke suyar waina a ƙofar coci,
ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan tebur:
goma ai huɗu ne, da wani huɗun, da rabin huɗu,
kowane abu a sa shi sau biyu da rabi.
Gari biyar. Sukari goma. Madara biyu da rabi.
Gishiri ɗaya da kwata.
Da aka zo kan ƙwai aji ya yi tsit.
Wa ya taɓa ganin kazar da ta saka rabi?

Malama ta fasa na ukun a kofi, ta kaɗa,
ta tsiyaya rabi a kwaɓin, rabin ta soya wa mai gadi.
Ta ce, gari da madara ba su san yawanku ba,
junansu suka sani.
Biyu ga ɗaya suka shirya tun farko,
in wannan ya tashi, wancan ya bi shi da gwargwadonsa.

Ni kuwa ina neman inda zan wanke kaina.
Na ce, ashe minti ashirin na gashi ya zama hamsin!
Ligaya ta rufe baki da hannu.
Malama ta ce, gawayi kake so mu ci?
Kowace waina da ganyenta, kowace da wutarta.
Kafin ka ninka abu, tambaye shi ko yana ninkuwa.

Mun ci da zafinta, ruwa na dukan kwano.
Sai da na fara karɓar albashi na gane
ƙwai bakwai ɗin da na lalata
daga aljihunta suka fito,
kuma tana kallo na fasa su ɗaya bayan ɗaya.

Jiya da asuba, jirgi na tangaɗi,
na raba ashirin da uku gida huɗu:
shida ba kwata.
Na fasa ƙwai shida, na ware kwatan na ƙarshe a ludayi,
na soya shi a gefen kasko,
na ci a tsaye, ban sa gishiri ba.