Takalmin Ciki

Tun daga gadar Kawo take kuka,
siririn ƙara, kamar ɓera a buhun gero.
Ni kuwa sai in ƙara sautin rediyo.
Sati uku muna haka da ita,
har ranar da mai turin lemu ya gitta a Kasuwar Barci,
na taka, ƙafata ta nutse,
motar ba ta tsaya ba sai da ta gama shawara.

Panteka, da hantsi.
Malam Barau bai tambaye ni komai ba.
Injinan masaƙar Kakuri sun tafi da kunnensa tun yana saurayi,
da yatsa yake ji yanzu.
Yaro ya ɗaga jak, ya kwance taya,
shi kuma ya shafa faifan
kamar mai taɓa goshin jariri.
"Malama, kin yi huɗa a nan.
Ga kunyoyi, saura shuka."

Ya jera mini guda uku a kan kwali.
"Wannan zare ne da ƙaro aka danne.
Ba ya surutu, ba ya cin faifai, ba ya cin aljihu,
shi ake ci.
Damina biyu ba lalle ya gani ba.
Wannan da garin ƙarfe aka kwaɓa shi.
Yana da baki, yana baɗe wili da baƙar ƙura,
yana gurzar faifan ma,
amma in gangare ya yi tsawo, kaya ya yi nauyi,
zafi ba ya sa shi sakin hannu.
Na ukun tangaran ne, ɗan gayu,
shiru, tsaf, ga tsada.
Cikin gari ya fi so."

Na nuna ɗan gayun.
Ya girgiza kai: "Ina kike zuwa?
Ba mota ake saya wa birki ba, hanya ake saya wa."

Na ɗaga murya don ya ji:
Kagoro, duk Juma'a in na tashi aiki.
Shinkafa, magani, jarkar mai,
keken Mama a but in za mu asibiti.
Ya tura mini na ƙarfen da bakin sifana.

Sai ya zaro tsofaffin biyu daga taya ɗaya.
Na waje da sauran ƙibarsa, kaurin ɗan yatsa.
Na ciki ya koma kamar reza,
har ƙarfen bayansa ya fara leƙowa.
"Rana ɗaya aka sa su.
Ƙusar da ya kamata ta riƙa zamewa ce ta cije da tsatsa,
shi ya sa ɗaya ke aikin biyu.
Daga waje in an leƙa, lafiya lau.
In na sa sabo ban wanke ta na shafa giris ba,
wata huɗu ki dawo mini da irin wannan."

Na tuna yayana Sallau a Barnawa,
jikinsa sumul,
wanda ba ya fashin aiko da gaisuwa.

"Kin ga ɗan harshen nan?" in ji Malam Barau.
"Don kuka aka ƙera shi.
Wanda ya yi shi ya san halinmu,
ba ma dubawa sai mun ji.
Ni da ba na ji, dole in duba."
Ya yi dariya, yaron ma ya yi.

Da zan tafi ya leƙo ta taga:
"Kwana biyun nan ki riƙa takawa a hankali,
ki bar su su saba da faifan."

Na roƙi siririn, na naɗe shi a tsohuwar jarida,
na sa a jaka, kusa da katin asibitin Mama.
A shatale-talen filin wasa
ban bi hanyar gida ba.
Motar ta tsaya a ƙofar Sallau ba ko ƙis.
Ni ce na danna oda,
na daɗe ban ɗaga hannu ba.