Yatsu Bakwai

Ni ne Teodorico na tsibirin Samar,
wanda ya koya wa teku firgita.
Kwalba, taki, ƙyastin ashana,
nakiya ta tsaga ruwa,
kifaye su taso ciki a sama, fari fat,
in tsince na kasuwa, saura su ruɓe.

Shekara goma ina cin rabon jikoki.
Murjanin ƙarƙashin ruwa ya koma toka.
Ran da kwalbar ta riga ni
ta tafi da yatsuna uku
da kunnen hagun ƙanena Eulogio.

Na ƙaurace wa coci.
Da wane hannu zan karɓi gurasa?

Ran Juma'ar tuna gicciye
masu zagaye suka biyo ta ƙofata.
Eulogio bai ce uffan ba,
ya sauke gungumen a kafaɗata.
Na ɗaga ido, ga tafin Yesu na itace,
shi ma a huje.
Gwiwata ta sami yashi.
Na ce, Ubangiji, na sha ɗora wa talauci.
Ni ne. Ni na ƙyasta.

Yatsun ba su tsiro ba.
Amma kullum da asuba muna nutso,
muna ɗaure gutsuren murjani a igiya,
ni da bakwai, shi da goma.
Jiya wani ɗan kifi rawaya
ya leƙo daga reshen da na dasa bara.

Da muka hau kwale-kwale
ƙanena ya gyara zama,
ya juyo mini da kunnen da ke ji.