Fadar Santambul a Tafin Magini

Na dawo da dila huɗu na abaya
da ciwon ƙafa.
Kwari ta wawashe dilolin kafin la'asar,
ciwon ƙafar kuwa na kai shi Makwarari,
zauren Baba Nalado,
wanda ya shekara hamsin yana aza tubali kan tubali
kafin yanar ido ta ja masa labule.

Ya ce, "Riƙe labarin zinariyarka.
Gidan sarkin nasu, ta ina ake shiga?"
Ya miƙo tafi mai kaushin busasshen laso.
"Zana nan."

Na sa yatsa a wuyan hannunsa.
Ga ƙofar fari, Baba, a kan tudu,
teku ta kama shi ta gefe uku.
Wanda ya ci birnin shi ya kafa harsashin,
na bayansa kowa ya zo ya liƙa nasa ɗaki.
Filin nan na kowa ne: mai ƙara, mai itace, mai jiran tsammani.
Ya ce, "Ƙofar gida ke nan. Wuce."

Ta biyu, hasumiya biyu masu tsini.
Daga nan har waziri da ƙafarsa yake takawa.
Dama madafa ce, bututun hayaƙi a jere
kamar tulunan 'yan koli,
an ce dubbai ke ci daga tukwanenta.
Hagu ɗakin shawara,
can sama a bango wata taga mai raga.
Sarki kan zauna bayanta, kan kuma ƙi zama,
su wazirai ba su sani ba,
sai kowa ya auna harshensa.

Baba ya yi dariya har ta zama tari.
"Wanda ya huda tagar nan
ya fi mai hasumiya sanin aiki."

Ƙofa ta uku, daga ita sai shiru.
Ɗakin ganawa da famfo a jikin bango,
ruwa na zuba don ya cinye zancen.
Ga ɗakin littattafai, ga baitulmali,
ga inda ake karatun Alƙur'ani dare da rana.
"Shigifa," in ji shi. "Mun kusa."

Yatsana ya ɓace a layukan tafinsa
yadda na ɓace a cikin gidan:
ɗaki ɗari uku da ɗoriya,
lungu ya haifi lungu,
bango duk tangaran shuɗi, sanyi kamar randa.
A nan aka ajiye ƙannen sarki,
ga kilishi, ga taga, ba hanyar fita,
wasu furfura ta iske su suna jira.
Sai ya dunƙule hannu, ya danne mini yatsa.

Da ya buɗe na kai shi ƙarshen ɗan yatsa,
lambu da rumfuna, jirage na wucewa a ƙasa.
Kusan shekara ɗari huɗu, Baba,
sannan suka kwashe suka koma sabon gini a bakin ruwa.
Yanzu tikiti ake yanka.
Na bi layi bayan wani mai gajeren wando.

"Rushewa ya yi?"
A'a. Gani suka yi ya tsufa.

Ya jima bai ce komai ba.
"To indararon fa?
Ruwan sama ta ina yake sauka?"

Ban duba ba.
Hoto tamanin a wayata, babu indararo ko ɗaya.

"Ka je Santambul," ya ce, "ba ka ga gini ba."

Hadari ya taso daga gabas, ta wajen Fagge.
Ya ɗaga kai ga ɗaurin gugan da ya ɗaura
shekarar da aka haife ni,
yana sauraren azara kamar mai sauraren numfashin jinjiri.

A aljihuna akwai rasiɗin bulo dubu biyu
da zanen shaguna uku
daidai inda muke zaune.
Shi na zo faɗa masa.

Ruwa ya sauko.
Indararo ya kama aikinsa.