Ƙafar Igbobi

A Igbobi aka auna ni,
daga gwiwa zuwa inda babu komai.
Yaron da ya riƙe ma'aunin Bayarabe ne,
ya ce, "Baba, taka."
Na taka iska,
muka yi dariya kamar tun Malumfashi muka san juna.

Shekara goma sha ɗaya ina acaɓa
tsakanin Oshodi da Mushin.
Ran wata Talata, ana yayyafi,
tirela ta cire ushirinta a jikina,
ba ta tsaya ta ba da rasit ba.

Yanzu ƙafata biyu:
ɗaya inna ta haifa,
ɗaya an biya ta kashi uku.
Ta inna tana tsoron ƙusa, tana tsami in hadari ya haɗo.
Ta ƙarfen ba ta san Legas na da ruwa ba.
Da ita nake gwada zurfin kwata
kafin in jefa mai jin sanyi.

Damaris, 'yata, kuɗin acaɓa ya kai ta Akoka,
tana karanta abin da ban san sunansa da Hausa ba.
Ta zo hutu, ta ɗora ƙafar a cinya
kamar jinjiri, tana ɗaure mata noti.
"Baba, wannan tsohon yayi ce.
Akwai mai jin umarnin ƙwaƙwalwa,
akwai wadda ta fi ta nama gudu.
Wata rana masu lafiya za su bi layi
a cire tasu a sa musu sabuwa.
Har mantuwa za a yi wa magani,
ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero a bayan kunne."

Na ce, to wa zai riƙa yafewa
in babu mai mantawa?
Ta ce, "Ai yafiya ba mantuwa ba ce."
Na yi shiru.
Kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba.

Ran Lahadi a Agege
dattijo Barnaba ya tare ni a bakin majami'a:
"Hasumiya suke ginawa, a kansu za ta rushe."
Yana faɗa yana gyara tabarau,
yana laluben ayar a wayarsa,
maganin hawan jini na leƙowa daga aljihu.
Ban tanka ba.
Na dai tuna kwalta ɗaya ce,
da ita aka liƙe jirgin da ya ceci mutum takwas,
da ita masu neman suna suka jera tubali.
Kwaltar ba ta yi zunubi ba.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
In an busa ƙaho ran ƙarshe,
guntuwar da aka binne ban san ina ba,
za ta gane ni?
Ko da wannan zan tashi,
ina ƙwas-ƙwas a titin zinariya?

Sai na tuna Ubangiji ya fito kabari
da ramin ƙusa a tafin hannu.
Shi da ya mayar wa bawa kunnen da aka sare
bai cike nasa ramin ba,
ya bar shi don mai shakka ya sa yatsa.
Ashe akwai rashin da ba a jin kunyarsa a sama.

Da dare nakan kwance ta,
in jingine ta kusa da wayar da ke caji.
An ɗauke wuta, janareton maƙwabta na tari,
Damaris na karatu da tocila a baki.
Na ce, yi ta karatu, ƙera abin da za ki ƙera,
hannun da ya ba ki kai bai yi rowa ba.
Amma ki fara da bencin Igbobi,
inda mai tallan biredi ke jira tun bara,
kafin masu ƙafa biyu su zo neman ta uku.

Ta ce, "Na ji, Baba," tocilar na rawa.

Gwiwar dai likita ya bar mini.
Tawa ce, ta asali, da tabon faɗuwa daga jaki.
A kanta na sauka
muka yi addu'a.