Baƙon da ke Kan Taga

A gwangwanin madara Nomau ya kawo shi,
cikin aljihun ƙofar tirela, kwana tara daga Agadas.
Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba,
kore mai toka-toka, kusurwa huɗu, da 'yan haƙora marasa cizo.
Ya ce ɗan'uwan karan masallaci ne,
amma na tsagin dutse,
can inda hadari kan yi alkawari ya saɓa.
Ya ce, "Kada ka cika son sa.
Cokali biyu in wata ya tsaya. Shi ke nan."

Na yi dariya. Nan fa Legas ce.
Nan gishiri ma gumi yake yi a kwano,
takalmin da ka manta mako guda sai ya tsirar da gemu.
Ina zan samo wa baƙo ƙishirwa
a garin da iskarsa jiƙaƙƙiya ce?

Na roƙi tsakuwa wurin magina a Oko-Oba,
na farfasa jan bulo da gindin taɓarya,
na haɗa da gawayin mai tsiren bakin layin dogo.
Tukunyar ƙasa, huda biyar a gindi.
Tagar gabas, hawa na uku, Agege,
inda rana kan leƙo minti arba'in
kafin benen maƙwabta ya haɗiye ta.

Riƙe hannu na koya.
In cusa yatsa a ƙasar har gaɓa biyu,
in na ji sanyi in mayar da buta mazauninta.
Wata irin wuya ce da ban san da ita ba:
ka ga naka ya tattare kamar fatar gwiwar hannu,
ruwa na hannunka,
ka hana.

Sai na yi tafiyar kwana goma a watan Yuni,
na bar makulli wurin Iya Morufu ta hawan ƙasa.
Ta ga tsiro cikin busasshiyar tsakuwa,
tausayi ya kama baiwar Allah.
Safe da yamma, kofi cike,
har da ruwan wankin shinkafa don ya yi ƙiba.
Na dawo na tarar da gindinsa ya yi baƙi,
lugub kamar kuɓewar da ta kwana a miya.
Me zan ce?
Na yi mata godiya da Yarabancina mai ɗingishi.

Daren nan an ɗauke wuta.
Waya a bakina tana haska mini,
na sa sabuwar reza ina yanke ruɓa,
yanka bayan yanka, har na ga tsoka fara tas.
Abin da ya rage bai fi ƙwallon dabino ba.
Na shafa masa toka, na kwantar da shi kan tsohuwar jarida,
kwana goma sha biyu babu ƙasa babu ruwa.
Shi bai damu ba.
Ni ne mai tashi tsakar dare
ina duba abin da ba ya numfashi.

Shekara uku ke nan.
Jiya ya yi fure.
Tauraro mai tsini biyar, ja mai duhu kamar hanta,
da ɗan gashi yana rawa ko babu iska.
Na kai hanci, na ja da baya:
warin mushe!
Kafin azahar ƙudajen Agege duk sun zo barka.
Iya Morufu ta hauro da tsintsiya
tana neman mataccen ɓera a bayan firji.

Na kira Nomau, yana layin kwastan a Birnin Ƙonni.
Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "To, ya yarda da kai ke nan,"
sai layi ya katse.

Yanzu ga hadari ya taso daga wajen teku,
masu talla na gudu da faranti a ka.
Na jawo tukunyar ciki da taƙi ɗaya,
na rufe gilasan taga.
Ni da shi da warinsa a ɗaki,
da ƙuda biyu da suka ƙi fita.