Allurar Aro

Ƙararrawar coci ba ta buga ba tukuna
muka kwance igiya a Cavtat.
Babana Vlaho na gindin sitiyari,
hularsa ta sha gishiri har ta yi furfura,
ni kuwa na rungume takardun jirgi a leda
kamar mai dakon ƙwai a cunkoson kasuwa.

Jami'i ya buga hatimin fita yana hamma.
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
Duwatsun Konavle a hagunmu, jajaye, a tsaye,
babu gida, babu tasha,
sai tsuntsayen teku da ke mana tsiwa.

Na shimfiɗa taswira a gwiwata.
Ga layi nan an ja da jan tawada,
ya sauko daga tsauni ya faɗa teku.
Na leƙa ta gefen jirgi in gan shi,
sai fuskata kawai, tana rawa.

"Dubravka," in ji Baba, "daina nema.
Nan muke zuba koma ni da Krsto
tun kina goye.
Kifi bai taɓa tambayarmu takarda ba.
Daga baya ne hayaƙi ya turnuƙe tsaunin can,
ɗansa ya sa kaki, ɗan ƙanena ya sa kaki,
kowa ya koma gida da abin rufewa."

Shekara talatin, ko gaisuwa.

Da muka zagaya ƙahon Prevlaka
wayata ta yi ƙara a aljihu:
barka da zuwa wata ƙasa.
Ita kaɗai ta ji mun ƙetare.
Na ɗaga ƙaramar tutar maƙwabta, ja da ruwan zinariya,
na haɗa da rawaya mai neman izini.
Baba ya kau da kai yana gyaran igiya
da ba ta bukatar gyarawa.

A Zelenika wani yaro cikin kayan kwastan,
gemunsa bai gama fitowa ba,
ya juya fasfo, ya dubi hoto, ya dubi tsoho.
"Me kuka ɗauko?"
Na ce man zaitun kwalba biyu, ɓaure busasshe.
Baba ya zura hannu a ƙirjin riga,
ya fito da allurar katako ta ɗinkin koma,
ta yi santsi don shafawa.
"Rubuta wannan. Ta aro ce.
Na zo mayarwa."

Yaron ya duba fom ɗinsa sama da ƙasa,
bai ga gurbin da zai sa ta ba.
Ya buga hatimi ya ɗaga mana hannu.

An ce zumunci a ƙafa yake.
Namu ya gurgunce, sai da muka sa shi a jirgi.

La'asar sakaliya muka iso Rose.
Wani tsoho na zaune a bakin gadar katako,
sanda a tsakanin ƙafafu, ido ɗaya ya yi hazo.
Na jefa igiya, ya cafe ba tare da ya tashi ba,
ya ɗaure da irin ƙullin Baba, sak.

Ya karɓi allurar, ya juya ta, ya shinshina.
"Komar ta ruɓe tuni, Vlaho."
"Na sani."
Ya matsa gefe kaɗan a kan bencin.

Na koma cikin jirgi na dafa kofi,
na bar shi ya huce, ban kai musu ba.
Ta taga ina hango ƙeya biyu,
ba mai magana,
ruwa na lasar gindin gada yana komawa.