Shafi na Bakwai

Juma'a, ƙarfe biyar, za a rufe karɓar tayi.
Yau Laraba, shafi na bakwai fari fat.
Busasshen ɓaure, tan arba'in,
muke son sayar wa wani kanti a Hamburg,
ni, Nergis, aka ɗora wa rubutun.

Na sami Tuncay na sashen kuɗi,
waya a kunne, wata a hannu.
Ya ɗaga mini yatsa: minti ɗaya.
Mintin ya kwana, ya wayi gari, har ya fara gemu.

Ferhunde tana Aydin, can cikin gonaki.
Ta ga saƙona, na ga ta gani.
Da dare ta turo hoton akwatuna a rana,
babu adadi, babu kwanan wata,
sai "gobe, 'yar'uwa."
Ita kuwa gobe ba ta da teburi a ofishinmu.

Oktay ya san kuɗin kwantena,
amma lambar tana kansa,
kan kuma yana taro, daga wannan sai wancan.
Na tare shi a matakala da shayi cikin siririn gilashi,
ya kurɓa, ya jefo lamba yana tafiya,
na rubuta a bayan hannuna.
Yuro ko lira?
Ƙofa ta haɗiye amsar.

Ban ga laifinsu ba.
Kowa na fama da tukunyar da ke tafasa a gabansa,
tawa ce dai sai an ara mini garwashi.
Sai na daina dogon bayani:
mutum ɗaya, tambaya ɗaya, gurbin da zai cike.

Alhamis da dare, cikin jirgin ruwan Karshiyaka,
fitilun Izmir suna rawa a kan teku,
waya ta girgiza a aljihuna.
Talatin da shida, in ji Ferhunde, ba arba'in ba,
ruwan sama ya taɓa sauran.
Na gyara a kan gwiwata, iska tana jan gyalena.

Juma'a, huɗu da kwata, ga Tuncay da kansa,
takarda a ninke, hamma a baki.
Oktay ya leƙo: "Yuro mana!"
Biyar saura tara na aika.

Ko'ina a takardar "mu" na rubuta,
muna da, za mu iya, mun shirya.
A gida na cuɗa hannu da sabulu sau biyu,
lambar Oktay ba ta gama fita ba.